Idon da Ya Cika Rumbu

Tasi'u, Nafi'u, da ke Uwani, ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku. Misali zan ba ku, kuma ba zan maimaita ba.

An yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, masu shagon buga katin biki da takardun makaranta a bakin kasuwa. Kwamfuta ɗaya gare su, a cikinta duk aikinsu yake. Wan mutum ne mai zargi, ko inuwarsa ta riga shi shiga ɗaki sai ya tambayi abin da ta je ɗauka. Da ya ga wasu masu kawo musu aiki sun koma shagon tsallaken titi, sai zuciya ta raya masa cewa ƙanen ne ke kwashe zanen katunansu yana kaiwa can. Bai tambaye shi ba. A ɓoye ya sa aka saita ɗan idon kyamarar da ke goshin kwamfutar, ya riƙa ɗaukar duk wanda ya zauna gabanta, safe da yamma. Wata uku ana haka, shi kuwa bai taɓa samun sukunin duba ko ɗaya ba.

Ran nan da safe, ga katin aure ɗari uku da za a karɓa bayan azahar, ya kunna kwamfuta ya sa lambar sirri. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, babu hoto, babu alamar da zai danna, sai 'yar kibiya tana yawo ita kaɗai. Ya kashe ya kunna har sau biyar, kanwar ja ce. Nan take ya ce magana ta fito, ƙanen ne ya lalata ta don ɓatar da sawu. A gaban maƙwabta ya ce masa ya kawo makullin shago. Ƙanen ya ce, "Yaya, a kira mai gyara tukuna." Mai gyaran ta zo, wata mata mara yawan magana. Ta buɗe wani baƙin allo mai fararen rubutu da masu gyara ke ba na'ura umarni a kansa, ta buga 'yan kalmomi, ta ce babu wanda ya taɓa komai, ma'ajiyar kwamfutar ce ta cika maƙil. Ita na'ura kafin ta buɗe fuska sai ta sami ɗan filin shimfiɗa tabarmarta, kuma ɗakin da aka danƙare da buhuna har bayan ƙofa ba ya buɗuwa ko da makullinsa. Wan ya harari ƙanen, ya ce a tono wanda ya danƙare ta. Ta tono. Bidiyon da kyamarar nan ta ɗauka ne jibgi guda, na kowace rana. Ta kwashe wasu zuwa waje, fuska ta dawo tas, ta buɗe ɗaya a gabansu. Ga ƙanen yana share ƙura. Ta buɗe wani: ga shi bayan wan ya fita, yana gyara sunan ango da wan ya rubuta ba daidai ba. Wani kuma yana cin gyaɗa yana gyangyaɗi. Iyakar laifin ke nan.

Ƙanen ya daɗe yana kallon fuskarsa a allo. Ya tambayi wan, "Tun yaushe?" Wan ya ce, "Wata uku." Ƙanen ya zauna ya buga katin nan ɗari uku cif, don kada masu biki su ji kunya, sannan ya ajiye makullin da aka nema a kan tebur, ya ɗauki hularsa. Kwamfuta ta tashi a awa guda, amma kujerar ƙanen har yau babu kowa a kanta. Dama Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

To, na ga kwaɗo na biyu a ƙofar shagon da ubanku ya bar muku. Ban tambayi wanda ya sa ba, na san shi a cikinku, ni na goya shi. Ku zauna ku uku ku kashe maganar nan baki da baki, a cire kwaɗon kafin Juma'a.