Aiki Mai Lamba Bakwai

Sau biyu Madam Rukayya ta goge makin kafin ta sa hannu a takardar.

Rana ta biyu ke nan ta taron masu haɗa manhaja na arewacin Kamaru, a wani otel a Garwa. Matasa sun zo daga Marwa, Kuseri da Ngawundere, kuma gasar ce ta tara mafi yawansu. Wanda ya ci zai tafi Duwala horo na wata shida. Gurbi ɗaya ne tak.

Alƙalai uku ne: Guy, Igor, da ita, mai shekara ashirin tana koyar da kwamfuta a lise, wato makarantar sakandare. Tun farko ta faɗa wa masu shirya taron cewa 'yarta Nazira na cikin masu gasa.

"Ba suna a kan ayyukan, Madam, lamba ce kawai," in ji Guy. "Kuma wa bai san ki ba? Ko rabin maki ba kya yi wa ɗalibi kyauta."

Tana buɗe aiki mai lamba bakwai ta ce a ranta, wannan na Nazira ne. Manhaja ce ta dillalan shanu, kuma duk bayanan gefe da mai haɗa manhaja kan rubuta cikin aikinsa da Hausa aka rubuta su, alhali sauran yara Faransanci ko Turanci suka yi. Haka Nazira ke yi tun tana 'yar sha huɗu. Kakanta ma dillalin shanu ne. Aikin ba laifi, sai dai akwai gaggawa a cikinsa.

Aiki mai lamba sha biyu kuwa ya fi shi nesa. Manhajar ungozomomin ƙauye ce, tana aiki ko ba intanet. Kowane sashe an gwada shi, komai a wurinsa, Faransancin tsaf. Rukayya ta ce a ranta, wannan ɗalibin wani malami mai tsanani ne.

Goma sha takwas ta fara ba shi cikin ashirin. Sai ta tuna shekara biyu da Nazira ta yi a gida ba aiki, tana gyara wayoyin maƙwabta. Ta mai da shi sha uku. Mai lamba bakwai kuwa ta ɗaga makinsa zuwa sha bakwai.

Abincin rana bai shige ta ba. Ta riƙa bin fuskokin yaran da ido tana neman wanda ta cuta. Wata Angèle daga Ngawundere ta zo ta gaishe ta, ta ce kwana guda ta yi a mota don wannan gasar. Rukayya ta kasa haɗa ido da ita. Da ta idar da sallar la'asar ta daɗe zaune a kan sallaya. Ta tashi da niyyar neman takardar ta gyara, ta tarar Igor ya riga ya haɗa maki ya rufe ambulan.

Aka koma zaure. Guy ya ɗauki makirfo ya ce rabin maki ne ya raba na ɗaya da na biyu.

"Lamba bakwai!"

Ba ta jira ta ji suna ba. Ta fice ta ƙofar gefe ta tsaya jikin baburan da aka jera a inuwa, tafin yana biyo ta. Ta yanke shawara: a Duwala ko a nan, wata rana sai ta faɗa wa yarinyar yadda aka yi.

Ba a jima ba Nazira ta fito, ta rungume ta ta baya.

"Mama, kuka kike yi? Haba, sai ka ce ke kika shiga gasar."

"Nazira, akwai abin da ya kamata ki sani."

"Na sani, rabin maki ne. Ba komai, na biyu ma abin godiya ne." Ta share wa uwarta ido da bakin mayafi. "Ni dai na ji daɗi da gaskiya aka bi. Kwana uku na yi ina goge Hausar da ke cikin nawa, don kada ki gane ni ce sha biyu."