Buhu Uku a Bayan Babur

Tun da takin zamani ya yi tsada, Kamaluddeen, mai shuka furanni a gidajen Birnin Kudu, ya koma ɗibar kashin shanu kyauta a garken su Hapsatu duk ranar da ya je zance wurinta a ƙauyen Dingaya.

Yau ta fito ba tabarma.

"Baffa ya ce in tambaye ka," ta ce, idonta a ƙasa. "Ni kake nema, ko taki?"

Ya matsa ya kare bayan babur ɗinsa, inda ya ɗauro buhu uku.

"Hapsatu, wallahi..."

"Na riga na ce masa ni ce." Ta kalli buhunan. "Ka turo manyanka ranar Juma'a. Kar ka mayar da ni maƙaryaciya."