Matar Ladan da Tukunyar Na'a-na'a

Tunda kin tambayi dalilin rufe kofin shayi, saurari abin da ya faru da matar wani ladan. Ranar Laraba mijinta ya tashi da ciwon maƙogwaro, murya ta dishe, ko yawu da kyar yake haɗiya. Hankalinta ya tashi, don jibi Juma'a, kuma ta san akwai wani mai zaƙin murya da ya daɗe yana hangen lasifikar masallacin. Ta ruga wurin maƙwabciyarta, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti. Matar ta ce ta tsinko na'a-na'a da daddoya, ta ƙara kanumfari, ta zuba musu tafasasshen ruwa, ta rufe ruf, mijin ya riƙa kurɓa yana kurkurawa. "Amfanin yana cikin ɗan man da ke ganyen," in ji ta. "Shi ne ƙamshin da kike ji, shi ke yaƙar ƙwayoyin cuta. In ya ji wuta, tururi yake bi ya gudu."

To amma mai tsoro ba ya yarda da abu mai sauƙi. Matar ladan ta haɗa kamar yadda aka ce, ta dubi ruwan, ta ga fari-fari, ta ce wannan ai wasan yara ne. Ta koma bayan ɗaki inda shukokin suke, ta tsige ganyen kaf, har wanda bai kai ba, ta cusa a babbar tukunya, ta antaya sauran kanumfarin, ta hura wuta. Murfin ma gefe ta ajiye, don ba ta iya ɗauke ido daga tukunyar. Tana ta juyawa, in ta ji tarinsa daga ɗaki sai ta ƙara itace. Ƙamshi ya cika gida, ya tsallake katanga, masu wucewa suna tambayar ko biki ake yi. Ita kuwa, baiwar Allah, sai ta ɗauka ƙarfin magani ne ke fitowa. Da la'asar ta tace wani baƙin ruwa mai ɗaci. Maƙwabciyar ta shigo, ta shinshina kofin, ta girgiza kai ta ce, "Unguwa kika shayar, ba Malam ba." Matar ladan ta leƙa bayan ɗaki don a sake haɗa wani, babu ko ganye ɗaya. Ranar Juma'a matar ladan tana zaune bakin murhu, mijinta na kwance a ɗaki, ta ji muryar wani ta tashi daga masallaci, sai hawaye.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.