Maharbi da Buhun Ƙaiƙayi

Na ji ka ce ba za ka karɓi shawarar da aka ba ka ba, wai ta yi araha da yawa, kuma daga bakin murhu ta fito. To gyara zama in ba ka misali.

An yi wani maharbi a wani ƙauye da ke gindin dutse, irin wurin nan da idan sanyi ya sauka ruwan buta ma sai ya gagari hannu. Wata shekara damina ta yi gardama, gero bai yi ba, abin da ya rage wa gidansa kawai kunyoyin dankalin da ya dasa a fadama. Sai wani ƙaton gadu ya gano wurin. Kullum da sassafe zai zo ya durƙusa ya tone kunya biyu ko uku, ya ci na ci, ya ɓata na ɓatawa. Shi gadu idonsa ba wani abu ba ne, amma kunne da hanci sai dai a sara masa. Ba a hura wuta a wurin dakonsa, ba a tari, ba a motsi. Bindigar mutumin nan kuwa ta toka ce, harbi ɗaya take yi sai an sake ɗura ta.

Rana ta farko ya tsallaka rafi ya zauna a bayan wani suri. Kafin gari ya gama wayewa yatsun ƙafarsa sun mutu, ya ɗan murza su a ƙasa, busasshen ganye ya yi ƙara, sai bindin gadu ya hango a miƙe yana shiga daji. Rana ta biyu ma haka. Ya je ya aro takalmin wani tsohon soja, ya cusa ƙafa da safa biyu, yana tafiya yana jin kansa. Takalmin ya matse shi, tafiya ta sa ƙafar ta yi gumi, da ya zauna gumin ya huce ya zama masa ƙanƙara. Ranar tun kafin naman ya iso ya tashi yana buga ƙafa. Ya ƙirga kunyoyinsa, rabi sun tafi. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya san in sauran suka bi, roƙo ne zai ciyar da gidansa har kaka.

Matarsa tana kallonsa bai iya cin tuwo ba. Ita kuwa da ma tana da al'ada, in ta dama kunu da asuba sai ta binne ƙwaryar a cikin ƙaiƙayin gero, ya kai hantsi da zafinsa. Ta ɗebo ƙaiƙayin nan busasshe ta cika tsohon buhu rabi, ta ce masa abin da ya riƙe ɗumin kunu ba zai kasa riƙe na ƙafa ba. Ta ce ya tsallaka rafin ba takalmi, ya goge ƙafar ta bushe sarai, ya shafa man kaɗanya, sannan ya zura ta cikin buhun. Ya so ya ƙi, don shekara talatin yana farauta ba mace ta taɓa koya masa zaman dako ba. Amma yunwa ba ta san girma ba, ya saɓa buhunsa.

Da ya fito bayan sallar asuba sai ya tarar da maza sun kewaye wuta a ƙofar masallaci. Suka bushe da dariya, wannan ya ce kiwon kaji ya koma, wancan ya ce kwanci za shi. Tsohon sojan ya ce, "In ka kuskure shi ya taso maka da haure, da buhun za ka yi gudu?" Maharbi ya ji kunya har cikin ransa, amma ya ce, "Yau ban fito da niyyar kuskure ba." Ya wuce.

Ya yi duk yadda aka gaya masa. Ya zauna inda iska ke busowa daga gonar zuwa gare shi, ƙafafunsa a nutse cikin ƙaiƙayi har ƙwauri. Sanyi ya ci kunnensa, ya ci hancinsa, amma ƙafar nan tana nan da ɗuminta, ita kuwa ƙafa in ta kwanta sauran jiki ba ya gardama. Gadu ya zo bakin gona ya tsaya yana saurare, ya daɗe, bai ji komai ba. Ya matso, ya sake tsayawa, shiru. Rana ta fara leƙowa sannan ya saki jiki ya durƙusa a kan kunya, taku goma sha daga surin. Maharbi ya ɗaga bindiga a hankali, ya saki wutar. Ko shurawar kirki naman bai yi ba.

Da hantsi ya shigo gari yana kirari, buhu a kafaɗa, hauren gadu biyu a hannu. Bai tsaya wurin masu dariya ba, kai tsaye ya wuce gida ya ajiye hauren a gaban matarsa, ya ce nata ne. Sauran dankalin ya kai su har aka yanke sabon gero. Da sanyin baɗi ya zagayo, duk mai fita dako a ƙauyen nan da buhunsa yake fita, kuma na farkon da ya zo roƙon ƙaiƙayi a gidan shi ne mai takalmin soja.

Don haka kafin ka ture shawara saboda ka ga rigarta ba ta da aiki, ka tuna da buhun nan. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: raina kama, ka ga gayya.