Janwe a Hanyar Masu Katako

Tayoyin baya suka nutse a taɓo har gindin motar ya zauna daram. Dattijon ya ƙara taka totur, laka ta yi tsalle ta rufe gilashi, sannan ya kashe injin. Daji ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga ganyaye.

Tsohuwar hanyar masu yankan katako ce. In damina ta kankama, ko mai babur ba ya gigin bin ta. Dattijon ya hau wani tudu inda waya ke kamawa, ya kira mai janwe, motar jan motoci, ya faɗi inda yake. Aka katse kiran.

Ya dawo ya zauna a kan kututture, ya fito da filas ɗin shayi da kofi biyu. Jira ba ya damunsa. Tun rasuwar matarsa, a gida ma zaman jiran yake yi, sai dai can babu mai zuwa. Kaɗaici ya ci shi har ta kai yana amsa sallamar mai karanta labarai a rediyo.

Rana ta karkata kafin ya ji gurnanin janwe tana tahowa cikin itatuwa. Mai ita ya diro, ƙato ne mai ƙarancin magana. Kowa ya san shi da ladabi, duk mai furfura Baba ne a bakinsa, har maigadin garejinsa. Amma wannan dattijon ko gaisuwa ba ya samu, ga shi kuwa ba yau ya fara maƙalewa a nan ba. Kalmar nan ɗaya yake kwaɗayi, wadda ake raba wa kowa kyauta.

"Mai mota, matsa," in ji mai janwe.

Ya zagaya motar. Tayoyi cike da iska tam, ba a sassauta su ba. Fowil ma, giyar da ke juya tayoyi huɗu, ba a saka ba. A baya, tamfol ya ɗan zame, ga bakin shebur da jak da katakan shimfiɗawa ƙarƙashin taya, ko laka babu a jikinsu. Ya duba, ya kau da kai.

"Wannan ƙugiyar a ina ake maƙala ta ne?" Dattijon ya tambaya, murya kamar ta sabon ɗan koyo. "Ga shayi fa, da zafinsa."

Ko kallo bai samu ba. Mai janwe ya jawo wayar ƙarfe, ya durƙusa cikin taɓo ya maƙala, ya koma ya kunna injin ja. Waya ta miƙe ta ɗaure. Nan hannun dattijon ya tona masa asiri: kafin ya ankara ya tuɓe kwat ɗinsa ya jefa a tsakiyar wayar, yadda 'yan sana'a ke yi don in ta tsinke nauyi ya kai ta ƙasa, kada ta zabge mutum. Kunya ta kama shi, ya tsaya a wurin.

Sai wayar ta fara ƙara, siririn kuka, zare na barin zare. Ya san wannan kukan sarai. Duk da haka bai ɗaga ƙafa ba.

"Baba! Kauce!"

Ƙaton ya yi kukan kura ya ture shi gefe. Waya ta tsinke tas, kwat ɗin ya ja ta ƙasa, ta yi bulala a cikin laka daidai inda dattijon yake tsaye ɗazu.

Mai janwe ya tashi. Da sarƙa ya ƙarasa aikin, ya fito da motar kan tudu, ya tattara kayansa. Shayin ya huce a kan kututture.

"Ka sake shigowa nan, ba zan zo ba," ya ce, idonsa a ƙasa.

Dattijon ya tsaya har ƙarar janwe ta ɓace, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Zai zo mana. Shi da kansa ya koya masa cewa ba a ƙin kiran wanda ya maƙale a daji, tun yana ɗora shi a cinya ya riƙa masa sitiyari, tun kafin ɗan nasa ya rantse ba zai ƙara taka gidansa ko ya kira shi uba ba.