Kaskon Tabawa, Na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Tun da masana'antu suka koma sabon ƙarfe, wanda ke miƙe kansa da zarar ya ji zafi, masu motoci suka huta. Maƙera kuwa suka shiga uku, domin duk abin da suka ƙera, wata rana sai ya tuna asalinsa falle ne.

Ranar Laraba da safe kaskon Tabawa mai ƙosai ya tuna. Yana kan wuta ya baje kamar faifai, mai ya ƙona mata ƙafa. Karo na uku ke nan. Ta ɗauki fallen, ta ɗingisa zuwa maƙerar Barmo.

"Inna, kwana biyu na yi ina bugunsa," in ji shi. "Je ki ofishin bincike, su suka kawo mana ƙarfen nan."

A can wata ma'aikaciya ta nuna mata allon abubuwan da za a bincika. Fiffiken jirgi ne na ɗaya, ƙofar mota ce ta biyu.

"Kasko fa?" in ji Tabawa.

"Yana nan, Hajiya. Na ɗari biyu da sha huɗu."

"Kafin nan ai ni na soyu! Ku ba kwa cin ƙosai ne?"

"Muna ci. Naki ma muke saye."

Tabawa ta fito tana tsaki. Rana ta take, kwanon rufin rumfunan kasuwa yana ƙas-ƙas, yana motsi a hankali. Ta bi tsakiyar titi har gida, ba ta yarda ta shiga inuwar ko ɗaya ba.