Ɗiyar Mai Kekuna

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, Sallau ya sauke kekunan yara goma sha biyu daga motar Yamai, ya jera su a kantinsa na bakin kasuwar Dogon Dutsi. 'Yan kasuwa suka yi ta dariya. Garin da manya ma jaki suke hawa, wa zai saya wa yaro keke?

Wata biyu ko tayawa babu wanda ya yi. Matarsa Asiya ta fara zancen su koma Tibiri su kama noma.

Ran nan wani jandarma da aka turo garin kwanan nan ya shigo, ɗansa na jan rigarsa.

"Irin keken ɗiyarka muke so," in ji shi. "Tun da yaron nan ya gan ta tana gangarowa daga gindin dutse ya hana mu sakat. Ta ce sunanta Altine, babanta ke sayarwa."

Sallau ya dafa tebur. Sai ya tambaya, "Wane irin zane ta ɗaura?"

Aka gaya masa. Ya ɗauko keke, ya daidaita sirdi.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Malamin asibiti ya saya, akawun kumandan mai mulkin garin ya sayi biyu. Duk baƙin ma'aikata ne, kuma duk maganarsu ɗaya: 'ya'yansu sun ga Altine. Kowa ya zo, sai Sallau ya shimfiɗa masa tabarma ya riƙe shi da tambaya. Ta yi tsawo? Ta yi dariya? Ina ta nufa? 'Yan gari kuwa suka daina yi masa dariya, suka koma bin ɗaya gefen hanya.

Da keke ya rage saura ɗaya, Asiya ta roƙe shi da hawaye ya rufe kantin. Shi kuwa ya aika Yamai a ƙaro ashirin.

Da kaka, sabon mushe, malamin boko mai ɗaukar yara lakwal, wato makaranta, ya yi sallama, riƙe da takarda.

"Malam Sallau, jiya ɗiyarka ta kusa buge ni a bakin rijiya. Yarinya mai wayo haka ba a barin ta gida. Kira min ita in rubuta sunanta."

Sallau ya matso har gwiwarsu ta haɗu.

"Mushe, don Allah, kafin nan gaya min yadda fuskarta take yanzu."

Mushe ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Bai san shekara huɗu ke nan da ƙyanda ta ɗauke Altine, aka binne ta a gindin dutse ba, kuma har yau uban bai taɓa ganin ta ko sau ɗaya ba, sai dai a bakin masu sayen keke.